Ranar da Na Soka Kebul a Ramin Sama

Kai, ku bari kawai! Ni dai ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yar Yaya Bashir ba, kuma ko na so in manta, 'yan majalisarmu ba za su bar ni ba. Amma ku tsaya in ɗauko muku daga tushe, don in ba ku san ko ni wane ne a unguwarmu kafin ranar ba, ba za ku gane daga inda na faɗo ba.

Ni fa a unguwarmu a Birnin Gwari, Injiniya ake ce min. Ba makaranta ce ta ba ni sunan ba, ni na nemo abina. Bidiyo nake saukewa in kalla, in maimaita, har na haddace sunan kowane ƙarfe da ke cikin kwamfuta. Wayar wani ta maƙale, "a kai wa Injiniya." Firintar mai hoto ta ƙi aiki, "a kira Injiniya." Har wani ma'aikacin sakatariya ya taɓa turo mashin ya ɗauke ni, na je na tarar soket ne ba a kunna ba (ban faɗa masa ba, sai da na kwance bayan kwamfutar na hura mata iska tukuna, don aikin ya yi kama da aiki).

Amma abin da ya fi zama a raina shi ne gem, wato wasan bidiyo. Ba na waya ba fa, na kwamfuta, irin wanda za ka ga ruwan sama na zuba a gilashin mota kamar ka sa hannu ka goge. Na san komai a kai. Na san katin hoto, wanda 'yan harka ke ce wa girafik, shi ne zuciyar abin, shi ke zana duk abin da ka gani a sikirin. Na san wane kati ya fi wane, wane ne ke zafi, wane ne ke shan wuta. Abu ɗaya ne kawai: ban taɓa riƙe ko guda a hannuna ba.

Abin da nake da shi wata tsohuwar laftof ce da batirinta ya mutu tun kafin ta zo hannuna. A kan bulo biyu nake ɗora ta don ta sha iska, in na kunna wasan tseren mota sai ta yi ta huci kamar injin niƙa. Intanet kuwa, 'yar rawuta ce, na'urar nan mai kamo sabis da layin waya. In ƙulle ta a leda, in ɗaure a kan gora, in jingina da mangwaron tsakar gida, don a can sama ne kawai take kama sabis. Mama ta sha ɗaura igiyar shanya a jikin gorar nan. In ina tsere da mutane ta intanet, sai in taka birki, motar ta riga ta faɗa rami, sannan birkin ya iso.

To sai ga Nura.

Nura ɗan kawuna ne, Kawu Alhaji, yayan Mama. Sa'ana ne, abokin wasana, tare muka tashi. Ni na koya masa riƙe mawus, linzamin kwamfuta. Ni! Lokacin da hannu biyu yake kama shi kamar zai yi daka. Kawu dillalin hatsi ne, masara da dawa yake tarawa daga Kuyello da ƙauyukan can, kuma rashin sabis ya sha sa ciniki ya wuce shi. Shi ne babban ɗansa Yaya Bashir, wanda ke aiki a Kaduna, ya sa aka zo aka kafa musu dish na intanet a saman gida, irin mai ɗaukowa kai tsaye daga sama, aka haɗa da sola. Ranar da na ga farin abin nan yana ƙyalli a kan rufin Kawu, na dawo gida na kalli gorata, na ji kamar in karya ta.

Ban gama haɗiye wannan ba, Nura ya ci jarrabawa, Yaya Bashir ya cika masa alkawari. Kayan kwamfutar gem, sababbi fil, kowanne a kwalinsa. Kwalin katin ma a cinya ya riƙo shi tun daga Kaduna, duk tsawon hanyar nan tamu ta daji, wai kada ramuka su jijjiga shi. Ya ajiye ya koma washegari.

Nura ya kira ni.

"Injiniya, don Allah zo ka haɗa min. Ni tsoron taɓawa ma nake yi."

Na je. Jama'a, na riƙe katin nan. Nauyi kamar bulo, fanka uku a jere, ƙamshin sabon abu na tashi (eh, na shinshina, Nura ya juya baya na shinshina). Shekara nawa ina kallon irinsa a bidiyo, ga shi yau a hannuna, kuma na wanda bai san bambancin ram (ma'ajiyar wucin gadi) da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ba ne. Na ce, "Allah ya sanya alheri." Bakina ne ya faɗa. Zuciyata kuwa cewa take, yanzu fisabilillahi wannan yaron me ya sani?

Na haɗa komai tsaf, wannan kam ba zan rage wa kaina ba. Na ɗaure kebul-kebul ɗin ciki kamar kitso. Saura abu na ƙarshe, mafi sauƙi a duniya: soka kebul ɗin sikirin a bayan akwatin.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan harka ba bayani. A bayan irin wannan kwamfutar akwai wuri biyu da kebul ɗin zai shiga. Akwai rami a sama, na babban allon ciki. Akwai kuma ramuka a ƙasa, na shi katin. In ka soka a ƙasa, katin ne zai yi aiki. In ka soka a sama, hoto zai fito lafiya lau, amma wani ɗan ƙaramin abu mai rauni ne zai riƙa zana shi, katin kuma yana zaune a ciki yana hutawa kamar baƙo. Na san wannan. Wallahi na sani. Na taɓa yi wa wani dariya a guruf ɗinmu na 'yan gem da muke hira ta waya a kan wannan, har da turo masa hoton jaki. Amma duk kwamfutocin da na taɓa taɓawa na ofis ne, rami ɗaya gare su, a sama. Hannuna ya tafi inda ya saba. Ramukan ƙasan kuma an toshe su da wasu 'yan baƙaƙen robobi tun daga kamfani, ban ko lura da su ba.

Muka kunna. Fitilu suka kama, ja da shuɗi. Muka sauke wasan tseren nan da intanet ɗin Kawu, abin da ni sai in yi kwana huɗu ina ja, kafin mu gama cin gyaɗa ya sauka. Muka shiga wasa.

Motar ta fara tafiya tana tsayawa, tana tafiya tana tsayawa, kamar akuya mai ɗingishi. Lambar da ke nuna saurin hoto a kusurwa ta tsaya a sha huɗu. Sha huɗu! Tsohuwar laftof ɗina ta kan bulo tana yin ashirin in an yi sanyi.

Nura ya kalle ni. "Haka yake yi da farko?"

A nan ne fa zan faɗi abin da ya fi kebul ɗin muni. Daɗi na ji. Wani sanyi ya sauko min tun daga ƙeya har ƙafa. Da a ce kwamfutar wani ce can, wallahi da ban tashi ba sai na gano matsalar, da na leƙa baya a minti biyu. Amma wannan ban so in gano ba. Na gyara fuska, na girgiza kai kamar likita, na ce, "Kai, Nura. Ina jin an yi wa Yaya Bashir sakiyar da ba ruwa. Wannan katin na bogi ne."

"Amma kwamfutar tana nuna sunansa fa, ga shi nan."

"Na bogi ma suna nuna suna. Ai haka suke yi. Ka bar wa masu abin abinsu."

Ya kashe wasan. Ya yarda, don Injiniya ne ya faɗa.

Sati uku na yi ina yawo da labarin nan. A majalisa, a wurin mai shayi, a shagon aski. "Kun ji katin Nura? Kwali ne kawai. Fanka uku, ko ɗaya ba ta juyawa." Da gaske ba sa juyawa, tunda ba a ba shi aiki ba, amma ni na mai da shi hujja. Har dish ɗin ban ƙyale ba. Na ce wa Ɗanladi, abokinmu da muke majalisa tare, "Irin wannan da zarar hadari ya haɗu shike nan, ya ɗauke. Gara 'yar rawutata." Ɗanladi ya ce, "Wacce? Ta kan gora?" Na yi kamar ban ji ba. Lokacin farkon damina ne, kowa na kallon gabas yana roƙon ruwa saboda masara, ni ma ina kallon gabas ina roƙon ruwa, amma don intanet ɗin Nura ya yanke. Allah ya yafe min.

Kuma duk da haka kullum ina gidan. Wai na zo duba mara lafiya. In zauna in jona wayata da intanet ɗinsu, in sauke bidiyon da zan kalla na sati, ina saukewa ina kushewa.

Wata rana na ga Nura ya lulluɓe kwamfutar da zanin gado, ya ce shi kunyar faɗa wa Yaya Bashir yake ji, mutum ya yi ɗawainiya haka a ce an cuce shi. Sai na ce masa (ku riƙe wannan, za ta dawo), "Kada ka damu. In ba za a karɓa a mayar ba, ka ciro katin ka ba ni in ajiye, ko gwaji na riƙa yi da shi." Ni a raina so nake kawai in ajiye shi a kan tebur ina kallo. Ko mataccen ne, a ce dai ina da shi.

Sai matar Yaya Bashir ta haihu, aka zo suna gida.

Gida ya cika. An yi raɗin suna da safe, an ci waina, mata na ciki suna hidima. Wajen ƙarfe sha ɗaya Yaya Bashir ya ce, "Nura, ina injin naka? Mu gani mana." Nura ya sunkuyar da kai. Ni kuwa sai na miƙe, na gyara hula. Na ce, "Yaya, akwai magana."

Muka shiga ɗakin Nura: Yaya Bashir, abokansa biyu da suka zo daga Kaduna, Ɗanladi da sauran 'yan majalisa, har Kawu ya biyo mu da carbinsa ya tsaya a bakin ƙofa. Na yaye zanin gadon. Na kunna wasan. Na nuna musu sha huɗun. Na kwance murfin gefe na haska da fitilar waya.

"Kun gani? Ana tsakiyar wasa, fanka ko motsi. Yaya, ba don in ɓata maka rai ba, amma da ka tuntuɓe ni kafin ka saya. Wannan harkar ba a shigarta da ka."

Na ce fa haka. Ga mutumin da ya girme ni da shekara goma sha biyu, ranar sunan 'yarsa, a gaban abokansa.

Fuskar Yaya Bashir ta canza. Ya ce, "Mai shagon nan shekara nawa muna tare." Ya ciro waya ya kira mai shagon da ya sayar masa, kiran bidiyo, ya sa a sifika. Kuma intanet ɗin da na yi sati uku ina zagi ya kawo fuskar mutumin nan tar, har furfurar gemunsa ana ƙirgawa.

"Alhaji Bashir! An yi suna lafiya? Allah ya raya."

"Amin. Malam, kayan da ka ba ni an ce na bogi ne."

"Na bogi? Subhanallahi. Wa ya ce?"

"Ga injiniyanmu nan."

Aka juyo da wayar wajena. Na gaishe shi, na fara zuba. Na kawo sunayen abubuwa, na kawo lambobi, na yi maganar yadda ake sauya wa tsohon kati suna. Ya bar ni na gama tas. Sannan ya ce, a hankali, "To madalla. Injiniya, ɗan juya min bayan akwatin in gani."

Na juya. Na haska masa da kaina. Da hannuna.

Ya ƙura wa bayan akwatin ido. Sai ya ce, "Matso da wayar ƙasa kaɗan. Yawwa. Waɗancan baƙaƙen robobin guda huɗu, ka gan su?"

Na gan su.

Jama'a, a nan fa komai ya ƙare. Tun kafin ya ƙarasa na gane. Bidiyon nan duka, hoton jakin da na tura wa bawan Allah, duk suka dawo min lokaci guda.

"Ciro ɗaya," in ji shi. "Sai ka zare kebul ɗin daga ramin sama, ka mayar nan ƙasa. Katin ko buɗe shi ba a yi ba ai. Yana nan a amarcinsa."

Robar ta ƙi fita. Yatsuna sun jiƙe da gumi, sai zamewa suke. Nura ne ya durƙusa ya cire da farce, ya soka kebul ɗin, ya sake kunna kwamfutar. Guɗar mata na tashi daga cikin gida. Wasan ya buɗe. Fankokin nan uku suka ɗauka a tare, fuuu. Lambar kusurwa ta haura ɗari ta wuce. Ruwan sama na zuba a gilashin motar, kamar ka sa hannu ka goge. Abin da na yi shekaru ina mafarkin gani da idona, ga shi na gani, kuma ba abin da nake so a lokacin illa ƙasa ta tsage.

Mai shagon ya ce, "Alhaji Bashir, wa ya haɗa muku ne?"

Ɗanladi ya ce, "Injiniya."

"Wanne? Wannan ɗin dai?"

Ɗakin ya fashe. Ɗaya daga cikin abokan Yaya Bashir har da zama a ƙasa. Ni ma na fara 'yar dariyar nan ta wanda ba shi da wurin gudu, ina cewa ai kowa na kuskure. Da a nan aka tsaya da na tsira da ɗan abin da ya rage. Sai Nura, cikin murna, ba da wata manufa ba, idonsa na kan sikirin, ya ce:

"Kai, Allah ya taimake ni! Saura kaɗan in ciro in ba shi. Ai cewa ya yi in ba shi ya riƙa gwaji da shi."

Dariyar ta tsaya cak.

Yaya Bashir ya juyo ya kalle ni. Kawu ya daina jan carbi. Na ga abin da ke yawo a idon kowa: wato da gangan ya yi, don ya wawure katin. Na buɗe baki na ce, "Wallahi Kawu ban sani ba, wallahi kuskure ne."

Kawu ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Na yarda ba ka sani ba. Ɗan ƙanwata ba ɓarawo ba ne." Na fara sauke numfashi. Ya ƙara da cewa, "Amma ka yi murna. Tun ranar nake ganinka kana shigowa gidan nan fuskarka kamar an ba ka kujerar Makka. Na ce yaron nan me ya samu haka? Ashe kayan ɗan'uwansa ne ya lalace."

Wannan ta fi zagi ciwo, don ba ƙarya a ciki ko ɗaya.

Ban tsaya cin shinkafar suna ba. Na bi ta bayan gida na sulale. Na tarar Mama ba ta dawo ba, gorata na jingine da mangwaro, ledar na kaɗawa. Kwana biyar ban fita majalisa ba. Da na fita, tun daga nesa Ɗanladi ya ɗaga hannu: "Ramin Sama! Ƙaraso mana!" Sunan ya bi ni har yau. Mai shayi ma in zai zuba min sai ya ce, "A sama ko a ƙasa?"

A rana ta shida na ba Yaya Bashir haƙuri ta waya, ya ce in kira mai shagon shi ma, na kira. Nura kuwa shi ya zo da kansa, ya same ni ina ɗora laftof a kan bulo. Ya zauna ya yi ta kallonta tana huci.

Ya ce, "Kai fa banza ne. Da ka ce min kana so ka buga, ai tare za mu riƙa bugawa. Ni fa har yanzu ban iya shan kwana ba, bango nake ta duka."

Na ce, "Ai sai an saki mai kafin a shiga kwanar."

"To ka zo ka nuna min, Ramin Sama."

Yanzu kusan kullum bayan la'asar ina can. Shi ke da kati, ni ke da iya shan kwana, kuma har yanzu in fankokin nan suka ɗauka sai na ji ɗan abu ya soke ni a ƙirji, ba zan yi muku ƙarya ba. Ya dai ragu. Abin da na koya shi ne, in kayan wani ya ƙi aiki kuma na ji daɗi ya fara sauko min, to ba kayan zan fara dubawa ba, bayan akwatin zan leƙa, in ga inda ni na soka nawa kebul ɗin.

Af, na manta ban faɗa muku ba. Ruwan da na yi ta roƙo ya zo. Ranar ina kan gaba a tseren intanet, karo na farko a rayuwata, saura in sha kwana ɗaya in ci, hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, dish ɗin ya ɗauke. Ashe a nan kam gaskiya na faɗa. Na ajiye abin bugawa na fita tsakar gida ina kallon sama ina cewa ya Allah ka ɗan tsagaita, Kawu na gefe yana cewa ya Allah ka ƙaro.

Ku fa? Don Allah kada ku bar ni ni kaɗai a nan. Wa ya taɓa mantawa bai ɓare ledar kamfani a ƙasan fankar furosesa ba, ko ya yi wata guda yana zagin kamfanin intanet alhali shi ne bai soka abu daidai ba? Ku faɗa min naku. Musamman kai bawan Allah na guruf da na tura wa hoton jaki, in kana karantawa, ka dawo min da abina, na karɓa.